Baba yana tashi fitsari sau biyar da dare: akwai maganin gargajiya na kumburin firostet?

Tambaya: Wani bawan Allah daga Rigasa a Kaduna ya rubuto cewa mahaifinsa mai shekara 68 ya fi shekara guda yana fama da fitsari. Yakan tashi sau huɗu ko biyar da dare, ya tsuguna ya daɗe kafin fitsarin ya zo, in ya zo kuma siriri, ya gama ya miƙe sai ɗigo ya ɓata masa wando. Wani ma'aikacin lafiya a unguwa ya ce alamar kumburin firostet ce. Baba ya rantse ba za a sa masa robar fitsari ba, ba kuma za a yanka shi ba. Yanzu yana shan wani jiƙo da aka sayo masa a galan, wani kuma ya ba su shawarar kafso mai suna Saw Palmetto. Yana tambaya ko akwai maganin gargajiya da ke warkar da wannan ciwo, kuma wanne ne.

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya, kai kuma ɗan'uwa Allah ya yi maka albarka da ka tsaya a kan lamarinsa. Bari in fara da abin da ka fi son ji. Har yau babu ganye, saiwa ko sassaƙe, namu ko na ƙasar waje, da aka gwada a jikin mutane aka tabbatar yana mayar da kumburarren firostet girmansa na da. Akwai 'yan tsiraru da suka nuna alamar rage wahalar fitsari ga wanda ciwonsa bai yi nisa ba, zan faɗe su da sunansu. Sai dai abin da ya fi tsaya mini a rai cikin labarinka shi ne har yanzu babu wanda ya auna Baba. An dai saurari alamomi an raɗa wa ciwon suna.

Firostet wani ɗan nama ne da ke zaune a ƙarƙashin mafitsarar namiji, bututun fitsari ya ratsa ta tsakiyarsa. Aikinsa samar da wani ɓangare na ruwan maniyyi. A jikin saurayi nauyinsa gram 20 ne da ɗan ɗoriya. Idan shekaru suka haura 40 sai ya ci gaba da girma a hankali, saboda wani sinadari mai suna DHT da jiki ke sarrafawa daga sinadarin mazakuta. Kusan rabin mazan da suka kai shekara 60 suna da wannan kumburi, a cikin waɗanda suka haura 80 kuwa takwas ko tara ne cikin goma. Sanyi ba ya kawo shi, basir ba ya kawo shi, yawan iyali ko ƙarancinsu ba ruwansu da shi. Abu biyu ne ke matse bututun: girman naman kansa, da kuma wasu siraran tsokoki da ke cikinsa da bakin mafitsara, waɗanda kan ɗaure su kuma saki. Wannan na biyun ne ya sa ciwon ke hawa da sauka. Dattijo zai sha wuya a hunturu, in zafi ya shigo ya ji dama-dama. Ka riƙe wannan, domin duk maganin da aka fara sha a makon da ciwon ya yi tsanani shi ke kwashe yabo idan sauƙi ya zo da kansa.

Saw Palmetto da aka ba ku shawara 'ya'yan wata gajeruwar bishiya ce dangin dabino da ke fitowa a kudu maso gabashin Amurka, wajen Fulorida. Babu wani maganin tsiro na firostet da aka bincika kamarsa, don haka labarinsa yana da darasi. Ƙananan gwaje-gwaje na farko sun yabe shi, aka yi ta sayarwa. A shekarar 2006 aka buga sakamakon wani gwaji mai tsauri a Amurka: maza 225, an raba su biyu, rabi suna shan miligram 160 sau biyu a rana, rabi suna shan ƙwayar wofi mai kama da shi, babu wanda ya san me yake sha, har shekara guda. Ba a ga bambanci ba, ko a ƙarfin fitsari, ko a girman firostet. Masu goyon bayansa suka ce adadin ne ya yi kaɗan. A 2011 aka sake wani da maza 369, aka ninka adadin har sau uku, miligram 960 a rana, aka bi su mako 72. Nan ma waɗanda suka sha ƙwayar wofi sun samu sauƙi daidai da waɗanda suka sha maganin. A Turai akwai wani nau'i da ake tacewa ta hanya ta musamman, ana sayar da shi da sunan Permixon, wanda likitocin can suka yarda a gwada wa mai ƙaramin ciwo. Amma kafso ɗin da ake yawo da shi a jaka daga ofis zuwa ofis, tare da alƙawarin kai ma za ka samu riba idan ka kawo masu saye, ba shi ba ne. Bai cika cutarwa ba, aljihu yake ci.

Na biyu namu ne na Afirka, ko da yake ba na ƙasar Hausa ba. Bishiyar da masana ke kira Prunus africana tana fitowa a kan duwatsu masu sanyi na Kamaru, Kenya da Madagaska, akwai ta kuma a tsaunukan Mambila a jihar Taraba. Turawan Faransa sun daɗe suna sayen sassaƙenta suna tace magani mai suna Pygeum, har ɓarnar sassaƙa ta kai aka sa ta cikin jerin tsirran da ake taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe a 1995. Da aka tattara gwaje-gwaje 18 da aka yi wa maza 1,562, an ga tashin dare ya ragu da kusan kashi 19 cikin ɗari, ƙarfin fitsari ya ƙaru da kusan kashi 23. Ka lissafa da kanka: mai tashi sau biyar ya koma sau huɗu. Kuma gwaje-gwajen gajeru ne, yawanci wata biyu, ba su faɗi abin da ke faruwa bayan shekara ba. Abin da aka gwada ɗin ma tataccen magani ne mai awo, ba ɓawon itace da aka jiƙa a tulu ba.

Wanda ni kaina nake ce wa dattawa su ci ba tare da fargaba ba shi ne 'ya'yan kabewa. A Jamus an yi gwaji da maza 1,431 na tsawon shekara guda, aka buga shi a 2015. Waɗanda suka riƙa cin gram 5 na 'ya'yan kabewa safe da yamma, kusan 58 cikin ɗari sun samu sauƙi, a masu shan ƙwayar wofi kuwa 47 cikin ɗari. Bambancin ba shi da yawa, kuma masu cin 'ya'yan sun san abin da suke ci, wanda hakan kan sa mutum ya ji kamar ya samu sauƙi. Amma abinci ne, yana da araha, ba ya taɓa ƙoda ko hanta. Idan an fasa kabewar miyar taushe, a wanke 'ya'yan a shanya, a ɗan soya sama-sama ba gishiri, a ɓare, Baba ya ci kamar cokali ɗaya safe da yamma. Ka kuma lura da wancan adadi na 47. Kusan rabin waɗanda ƙwayar wofi kawai aka ba su sun ce sun samu sauƙi. Shi ya sa shaidar “wallahi wane ya sha ya warke” ba ta isa hujja a wannan ciwo, ko da mai faɗa mai gaskiya ne.

Sai namu na gida da ake yawan ambata: zogale, shuwaka, namijin goro, habbatus sauda, tafarnuwa, citta, kanumfari, ganyen darbejiya. Galibin abin da aka rubuta a kansu game da firostet gwaji ne a kan ɓeraye. Wannan matakin farko ne na bincike, ba abin rainawa ba ne. Maganin zazzaɓin cizon sauro da muke sha yau daga wani tsiro na ƙasar Sin dangin tazargade aka samo shi, har mai binciken, Tu Youyou, ta samu kyautar Nobel a 2015. A nan gida ma cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta haɗa Niprisan na masu sikila daga tsirran gargajiya. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya akwai sashe guda da aikinsa ke nan, nazarin magungunan da ke cikin tsirrai. Don haka ba na cikin masu cewa duk abin da ya fito daga daji shirme ne. Amma a kan firostet, waɗannan da na lissafa ba su kai matakin da za a ce a dogara da su ba. Zogale a kwaɗo, shuwaka a miya, tumatir da tafarnuwa a girki, Baba ya ci ya more. Habbatus sauda ma, ga mai shan ta don albarkarta, ɗan kaɗan ba laifi, kuma neman magani a asibiti bai saɓa wa tawakkali ba. Darbejiya da namijin goro dai kada a mayar da su abin sha na kullum da yawa, musamman ga mai shan maganin suga ko na hawan jini.

Jiƙon galan ɗin nan shi ne damuwata. Na san irinsa: ruwa ja ko baƙi-baƙi, laka kwance a ƙasa, ɗaci kamar maɗaci, wani lokaci da ɗanɗanon kanwa, ba takarda, ba awo, sai “kofi ɗaya safe, kofi ɗaya dare”. Wasu daga cikin irin waɗannan haɗe-haɗe aikinsu sa ƙoda ta tace ruwa da yawa. Dattijo ya sha, fitsari ya yawaita, sai ya ce hanya ta buɗe, dattin yana fita. Alhali kwata ce ta toshe aka ƙara kwara mata ruwa. Mafitsarar da take fama ta kasa juye abin da ke cikinta an ƙara mata kaya. Kanwa kuma tana da gishiri mai yawa, tana tayar da hawan jini, tana wahalar da ƙodar da wataƙila ta riga ta fara gajiya. Akwai kuma matsalar algus. A Amurka, a 2002, an janye wani shahararren haɗin tsirrai na firostet mai suna PC-SPES daga kasuwa bayan an gano magungunan asibiti a ɓoye a cikinsa, har da warfarin mai tsinka jini. Idan an yi haka a inda ake sa ido sosai, ka auna abin da zai iya kasancewa a cikin galan da aka saya a bayan mota mai lasifika a bakin tasha. Mun sha jin an gano ƙwayar ƙarfin maza a niƙe cikin garin da ake cewa na gargajiya ne zalla, kuma irin wannan yana iya kayar da mai ciwon zuciya.

Ko da ka ga lambar NAFDAC a jikin kwalba, ka duba da kyau. Lambar da ake ba yawancin magungunan gargajiya tana ƙarewa da harafin L, ma'anarta an duba ba a ga guba a fili ba. Hukumar ba ta ce yana warkarwa ba, kuma sau da yawa za ka ga an rubuta hakan da ƙananan haruffa a jikin takardar.

Yanzu ga abin da ya sa nake matsawa a auna Baba. Alamomin da ka lissafa ba na kumburin firostet kaɗai ba ne. Ciwon suga yana tayar da mutum fitsari da dare. Wasu magungunan hawan jini ma haka, musamman idan da yamma ake shan su. Tabon ciwon sanyi na zamanin samartaka yana iya tsuke bututun fitsari bayan shekaru masu yawa, kuma wannan babu abin sha da ke buɗe shi. Akwai tsakuwar mafitsara, akwai ƙwayoyin cuta, akwai tsohuwar tsargiya ga wanda ya taso a bakin rafi. Sai kuma dajin firostet, wanda shi ne dajin da ya fi kama maza a Najeriya, kuma baƙar fata ya fi sauran jinsi haɗarin kamuwa da shi. Kumburin tsufa ba ya rikiɗewa ya zama daji, amma su biyun suna iya zama a jiki ɗaya, kuma daga waje ba a bambanta su. Da yawa daga masu dajin da ke zuwa asibitocinmu sai ya riga ya shiga ƙashin baya suke zuwa, bayan sun yi shekara biyu ko uku suna sauya jiƙo.

Ko da kumburin tsufa ne kawai, yana da tasa ɓarnar da ba ta ihu. Fitsarin da ke saura a mafitsara yana taruwa, matsin ya koma sama zuwa ƙoda, ƙoda ta yi ta lalacewa ba tare da zafi ba. Dattijon da ya fara jiƙa shimfiɗa cikin barci, kunya ta hana shi faɗa, sau da yawa mafitsararsa ce ta cika har tana ambaliya. Ɗayar fuskar kuwa duk wanda ya yi aikin dare a sashen gaggawa ya san ta: ƙarfe biyu na dare a shigo da tsoho a duƙe, ya riƙe mara da hannu biyu, gumi na zuba, tun la'asar bai yi fitsari ba, marar ta taso tauri har kusa da cibiya. A sa roba, lita guda ko fiye ta fito, ya sauke ajiyar zuciya ya yi ta sa wa kowa albarka. Robar da Baba yake gudu, jinkiri ne ya fi kai mutum gare ta.

Gwajin ba shi da yawa. Za a yi masa tambayoyi bakwai a ba shi maki daga 0 zuwa 35: har zuwa 7 ƙaramin ciwo ne, 8 zuwa 19 matsakaici, 20 zuwa sama mai tsanani. Za a auna fitsari, suga, aikin ƙoda, da gwajin jini na PSA, wani sinadari da firostet ke fitarwa. Za a yi hoton mara a ga girman firostet da yawan fitsarin da ke saura bayan ya gama. Likita kuma zai taɓa firostet da yatsa ta dubura, abin da bai kai minti ɗaya ba, kuma shi ne dattawanmu suka fi ƙi. Ka gaya wa Baba tun a gida don kada abin ya zo masa ba zato, kuma yana da damar neman likita namiji, kai kuma ka tsaya a waje. PSA mai yawa ba hukuncin daji ba ne, kumburi da ƙwayoyin cuta ma suna ɗaga shi, alama ce dai ta a ƙara bincike. Ana iya fara duk wannan a babban asibiti mafi kusa da ku, kamar Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, in da buƙata su tura ku Barau Dikko, ko Asibitin Sojoji na 44, ko asibitin koyarwa na Shika a Zariya.

Ka kuma kwantar masa da hankali cewa yawancin masu wannan ciwo ba a yi musu aiki. Akwai tamsulosin, ƙwaya ɗaya ta miligram 0.4 a rana, tana sassauta tsokokin nan da na ambata, mutum kan ji bambanci cikin 'yan kwanaki. Tana iya sa jiri idan an miƙe da sauri, don haka mai tashi alwalar asuba ya ɗan zauna a bakin gado tukuna. Idan kuma za a cire masa yanar ido, a cibiyar ido ta ƙasa da ke hanyar Mando ko a ko'ina, lalle a faɗa wa likitan ido yana shan ta, domin tana shafar aikin. Akwai finasterid, miligram 5, wadda ita ce take rage girman naman da kusan kashi ɗaya cikin biyar, amma sai an yi wata shida ana sha. Tana iya rage sha'awa ga wasu, tana kuma rage sakamakon PSA da rabi, shi ya sa ake auna jini kafin a fara, shi ya sa kuma ba a sayen ta a kemis da ka. In ta kai ga aiki, a inda ake da kayan, ta bututun fitsari ake shiga a kankare naman ba tare da an tsaga ciki ba.

Akwai abubuwan da za ku fara tun yau. Goro, shayi mai kauri da kofi duk suna tsokanar mafitsara, a daina su daga la'asar. Zoɓo ma yana sa fitsari, a sha shi da rana. A rage ruwa da kunu awa biyu kafin kwanciya, amma kada a hana shi ruwa da rana, don fitsari mai kauri ya fi ƙona mafitsara. A watan azumi a rarraba shan ruwa tsakanin buɗa-baki da sahur maimakon a kwankwaɗe shi lokaci ɗaya. Kada a bari cikinsa ya bushe, domin bayan gida mai tauri yana danne bututun. Kada ya riƙe fitsari a doguwar tafiya don jin nauyin tsayar da direba. Idan ya gama, ya ɗan dakata ya sake gwadawa. Ɗigon da ke ɓata masa tsarki kuwa ragowar da ke maƙale a bututu ce: ya sa yatsu a bayan maraina ya matso gaba a hankali sau biyu ko uku, wato istibra'in da ya riga ya sani, sai dai a faro shi daga can baya. Hukuncin alwalar mai yoyon fitsari kuma akwai sauƙi a cikinsa, ya tambayi malaminsa.

Wani abu da mutane ba su sani ba: maganin mura yana iya rufe fitsarin mai kumburin firostet ruf a dare ɗaya. Piriton, Actifed, da yawancin haɗe-haɗen mura da tari, haka Buscopan, tiramadol da kodin. Hunturu ya zo, mura ta kama tsoho, a aiki yaro kemis, da tsakar dare a nemi mota. Duk mai sayar masa da magani a gaya masa yana da matsalar fitsari.

Idan fitsari ya tsaya gaba ɗaya, ko aka ga jini a ciki, ko zazzaɓi da rawar sanyi, ko kumburin ƙafa da amai, ko ciwon baya mai hana barci tare da raunin ƙafafu, a tafi asibiti a wannan sa'ar, ko da dare ne.

Na san magana irin wannan tana da nauyi tsakanin ɗa da uba. In ka ga ba za ta yiwu daga bakinka ba, ka nemi amininsa, ko ƙaninsa, ko limamin masallacinsu, musamman wanda shi ma ya taɓa zuwa aka duba shi. Kada ka ce masa jiƙonsa banza ne, zai ƙara riƙe shi. Ka ce a dakata da shi har a ga sakamakon ƙoda. Kafin ranar zuwa, ku yi kwana uku kuna rubuta lokacin da ya yi fitsari dare da rana da abin da ya sha, ku kuma tafi da galan ɗin da duk wata ƙwaya da yake sha a cikin leda ɗaya, likita ya gani da idonsa.